Wasiƙa daga Garwa zuwa Injamena, kan layin MTCO1 da ya ƙi fitowa

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan Garwa sai godiya. Saƙonka ya iso tare da hoton takardar bulot ɗin da ka yi da jinin marasa lafiya, wato gwajin da ake jera furotin bisa nauyinsu a jel, a ɗauko su kan takarda, a gano su da antibodi mai kama furotin ɗin da ake nema. Na zauna na dube shi da kyau. Furotin biyu na mitokondiriya, sashen da ke samar wa ƙwaya makamashi, kake nema: SDHA da MTCO1. Layin SDHA ya fito tsaf a wajen kDa 70 (kDa ma'aunin nauyin furotin ne), amma wurin MTCO1 fayau, sai wani dishi-dishi can sama kusa da bakin ramin jel. Ka ce zuciyarka ta rabu biyu: ko maganin da marasa lafiyar ke sha ne ya cinye furotin ɗin, ko kuma antibodin ya lalace a hanya. Ni ban yarda da ko ɗaya ba tukuna. A bayanin matakan da ka aiko ka rubuta cewa ka dafa samfurin a digiri 95 na minti 5, kuma a ganina nan matsalar take.

MTCO1 ba irin furotin ɗin da aka saba da su ba ne. Yana nutse ne cikin tantanin ciki na mitokondiriya, ya ratsa shi sau 12, kusan duk jikinsa gudun ruwa yake yi. In aka tafasa shi cikin SDS, sabulun da ke warware furotin, maimakon ya warware sai ya dunƙule da 'yan'uwansa, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa a ruwan zafi, dunƙulen kuma ba ya iya ratsa jel. Wannan dishi-dishin na sama, ina kyautata zaton shi ne furotin ɗinka. Ka ɗauki samfuri guda ka raba uku bayan ka zuba bafar Laemmli da DTT, ruwan da ake shirya samfuri da shi kafin jel: ɗaya digiri 95 minti 5, ɗaya digiri 50 minti 10, ɗaya digiri 37 minti 30. Ka jera su gefe da gefe a jel ɗaya. In maganata daidai ce, layin zai bayyana a na biyu da na uku. Kuma kada ka neme shi a kDa 57 inda lissafin nauyinsa ya nuna. Yana gudu fiye da nauyinsa, wajen 40 ko ƙasa kaɗan yake tsayawa. Samfurin da ba a tafasa ba yakan yi yauƙi saboda DNA, har ya biyo bakin fifet ya fita daga ramin. Ka ja shi ka tura ta siririyar allura sau kamar 10 kafin ka zuba, yauƙin zai karye.

Zaɓin da ka yi na haɗa MTCO1 da SDHA ya yi mini daidai ƙwarai. Mitokondiriya tana da furotin sama da 1,000, amma 13 kacal ake ƙerawa daga DNA ɗinta mai harufa 16,569: 7 na rukuni na ɗaya a sarƙar numfashi (jerin rukunonin furotin da ke samar da makamashi), 1 na rukuni na uku, 3 na rukuni na huɗu (MTCO1 yana cikinsu), 2 na rukuni na biyar. Rukuni na biyu, inda SDHA yake, kaf ɗinsa daga cibiyar ƙwaya yake zuwa. Magungunan cutar ƙanjamau irin su stavudine da zidovudine suna taɓa polimeras gama, wanda shi ke kwafar DNA ɗin mitokondiriya, dalilin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a janye stavudine a jagororinta na 2010. To in magani ya yi ɓarna, MTCO1 zai ragu, SDHA ya tsaya inda yake. Sai dai ka ga haɗarin: tafasa samfuri ma wannan hoton yake bayarwa sak. Da ka rubuta shi a rahoto, da an ɗora wa magani laifin tukunyar ruwan zafi, kuma magani ne da rayuwar mutane ta rataya a kansa.

Bari in koma baya zuwa jinin kansa, don can ma akwai inda ake tuntuɓe. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da mitokondiriya sam, don haka farare kake nema. Ka gauraya jinin da ruwan gishiri na PBS daidai wa daida, ka kwantar da shi a hankali kan Ficoll, ruwa mai kauri da ke raba ƙwayoyin jini, ka juya a injin juyawa a g 400 (g ma'aunin ƙarfin juyawa ne) na minti 30 ba tare da birki ba. Birki yana wargaza farin zoben fararen ƙwayoyin da ke tsakanin ruwan jini da Ficoll. Kada ka sa jinin kan ƙanƙara kafin wannan mataki, kada kuma ka bar shi ya kwana. Inda takardar kamfani ta ce a yi aiki a zafin ɗaki, digiri 18 zuwa 25 take nufi, ba zafin ɗakin Injamena ko na Garwa a watan Afrilu ba, lokacin da ake haura 40. Kaurin Ficoll yana sauyawa da zafi, rabuwar ta lalace. In na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki, ka yi wannan aikin da sassafe.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙwayoyin daskarar da jini. Suna biyo fararen cikin zoben, suna ɗauke da mitokondiriya, ba su da cibiya, yawansu kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum, balle ga mai zazzaɓin cizon sauro da nasa kan faɗi. In ba ka kore su ba, su za ka riƙa aunawa kana zaton fararen ƙwayoyi ne. Wanki biyu a g 200 na minti 10 yana rage su sosai, domin a wannan gudun fararen suna kwanciya, su kuma suna zama a ruwan sama. Ka ɗiga ɗigo ɗaya ka duba a maikuroskof kafin ka ci gaba. Ka kuma lura ko g injinka ke nunawa ko rpm, wato yawan juyi a minti, don ba abu ɗaya ba ne. Ya danganta da faɗin abin juyawar.

Fasa ƙwayoyin a bafar RIPA kan ƙanƙara, minti 30, da magungunan hana narkewar furotin. Ɗaya daga cikinsu, PMSF, ba ya daɗewa cikin ruwa, a lokacin za a ɗiga shi, milimola 1. Juya a g 14,000 minti 15 cikin sanyi, auna yawan furotin da gwajin BCA, zuba maikurogiram 20 a kowane rami, jel na kashi 12 cikin 100.

Yanzu ga abin da na fi so ka yi kafin ka sake taɓa jinin mara lafiya ko guda, domin jinin nan amana ne, kuma ba ya dawowa in ya ƙare. Kana bukatar samfurin da ka tabbata furotin ɗin yana ciki, da wanda ka tabbata ya ragu a ciki. Na farkon yana kusa da kai. Zuciyar saniya cike take da mitokondiriya, da ita aka yi yawancin tsofaffin binciken sarƙar numfashi, kuma antibodin MTCO1 da aka fi sayarwa yana gane na saniya. Duba takardar naka ka tabbatar. Ka aika kwatar Farsha da safe a samo zuciyar da aka yanka yanzu, a sa ta cikin kula da ƙanƙara. Cire kitse da jijiya, yayyanka giram 1 na tsokar ƙanana-ƙanana cikin mililita 10 na ruwan sukuros milimola 250, HEPES milimola 10 a pH 7.4, da EGTA milimola 1. Niƙa a kwalbar niƙa ta gilashi cikin sanyi, juya a g 800 minti 10 don cibiyoyi da tarkace su kwanta, tace ruwan sama ta bandeji mai tsabta, sannan juya shi a g 10,000 minti 15. Abin da zai kwanta a gindin kwalbar launin ƙasa-ƙasa ne, da wani farin kumfa-kumfa a samansa wanda za ka ɗauraye a hankali, wani lokaci da ɗigon ja a can ƙasa, ragowar jini. Mai launin ƙasan kake so. Maikurogiram 2 zuwa 5 ya isa rami guda, fiye da haka layin zai kumbura ya mamaye maƙwabtansa. Giram ɗayan nan zai ishe ka shekara in ka kasa shi ƙanana ka daskarar.

Samfuri na biyun, wanda furotin ɗin ya ragu a ciki, yana bukatar ƙwayoyin da ake reno a labo, irin su HeLa ko HEK293, in akwai mai su kusa da kai. Kuloramfenikol yana tsayar da ribosom ɗin mitokondiriya, wato maƙerar furotin ɗinta, ba ya taɓa na sauran ƙwayar. Maikurogiram 50 a kowace mililita na kwana 3 zuwa 5, sai ka ga MTCO1 ya dushe, SDHA yana nan. Layin da ya dushe da wannan magani shi ne na gaskiya. Layin da ya tsaya ƙyam a wajen 40 bayan haka wani abu ne dabam, ko da kuwa ya yi kyau a hoto. Ka kuma yanki wani sashe na takardar ka ba shi antibodi na biyu kaɗai, wato wanda ke kama na farko ya nuna inda yake. Ragowar antibodin jikin mutum da ke cikin samfurin jini yakan fito a wajen kDa 50 da 25 in na biyun naka ba a tace shi daga na ɗan Adam ba.

Na ga ka yi niyyar amfani da furotin aktin a matsayin ma'aunin daidaiton zubi. Ka sake tunani. Aktin yana kDa 42, GAPDH, wani irin wannan ma'auni, yana wajen 37, MTCO1 yana tsakaninsu, ba za ka iya yanka takardar ka raba su ba, kuma aktin yana da ƙarfin da in ka wanke takardar ka sake, inuwarsa takan rage daidai inda kake duba. Ka rina takardar da Ponceau S, rinin da ke nuna duk furotin, bayan ɗaukowa daga jel, ka ɗauki hoto, ka yi amfani da jimillar furotin. Sannan tambayoyi biyu ne, kada a cakuɗa su. Ko yawan mitokondiriya ya sauya, wannan furotin ɗin tantaninta na waje, VDAC1 mai kDa kamar 31 ko TOM20 mai 16, za su faɗa maka in ka gwada su da jimillar furotin. Ko DNA ɗinta yana aiki, wannan MTCO1 kan SDHA ne.

Wajen ɗauko furotin daga jel zuwa takarda, takardar PVDF sai an jiƙa ta da metanol na daƙiƙa 30 tukuna, in ba haka ba ba ta kamawa. Bafar ita ce Tris milimola 25, gilaisin 192, metanol kashi 20. Bolt 100 na awa 1 yana dumama tankin ƙwarai, a yanayinmu sai ka nutsa shi cikin roba cike da ƙanƙara, ko ka yi bolt 30 dare guda cikin firij in kana da tabbacin wuta. Don ƙananan furotin kamar TOM20 da saitokurom c, takarda mai ƙofofi 0.2 ta fi, suna zarcewa ta mai 0.45. Toshe takardar da madara kashi 5 cikin ruwan wanki na TBST na awa 1, amma madarar da aka cire wa mai; garin madarar shayi na kanti yana da kitse, yana barin dabbare-dabbare. Antibodi na farko 1 cikin 1,000 ya kwana a digiri 4, wanki uku na minti 10, na biyu 1 cikin 5,000 awa 1, wanki uku kuma.

Kan zargin da kake yi wa antibodin: irin wannan antibodi, IgG, yana da juriya fiye da yadda ake tsammani, 'yan kwanaki a hanya ba su cika kashe shi ba. Abin da ke kashe shi shi ne narkewa da sake daskarewa, kuma inda wuta ke zuwa tana tafiya, firiza da kanta take yi masa haka. Kasa shi maikurolita 10-10, sa shi can ciki nesa da ƙofa, kewaye da robobin ƙanƙara. Wanda ya zo cikin gilisarol kashi 50 ba ya daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifili, shi ya fi dacewa da mu in za ka yi sabon oda. Antibodi na biyu mai HRP, sinadarin da ke sa ruwan ECL ya ba da haske, da ruwan ECL ɗin kansa sun fi saurin mutuwa. Gwajinsu minti ɗaya ne: maikurolita 1 na antibodin cikin ɗan ruwan ECL a ɗaki mai duhu, in suna da rai za ka ga shuɗin haske da idonka. Kuma sodiyam azaid yana kashe HRP, kada ya kusanci ruwan na biyun. Tun da SDHA ya fito a takardarka, na biyun da ECL sun riga sun wanke kansu, in dai antibodin SDHA da na MTCO1 duka na ɓera ne, na biyun ɗaya ke kama su.

Ka ambaci son duba ƙwayoyin a maikuroskof mai kyalli daga baya. A taƙaice: kafe ƙwayoyin da farafomaldehaid kashi 4, mai ɗumi digiri 37, minti 15, don sanyi yana gutsuttsura zaren mitokondiriya ka zaci ciwo ne, sannan Triton X-100 kashi 0.1 zuwa 0.2 minti 10, in ba haka ba antibodi ba ya isa ciki. Rinin mitokondiriya na MitoTracker Red CMXRos yana zama bayan an kafe ƙwayar, koren ba ya zama. Guji duk tsarin da ke amfani da sitireftabidin, mai kama bayotin, domin mitokondiriya tana da nata furotin masu ɗauke da bayotin, irin su fairubet kaboksiles, za su haska maka ko babu antibodi. Antibodin da ya yi aiki a bulot kuma ba lalle ya yi a maikuroskof ba: na saitokurom c, 7H8.2C12 warwararren furotin yake ganewa, 6H2.B4 kuma wanda ke cikin siffarsa.

In ka yi gwajin zafin nan uku tare da zuciyar saniya a rami na huɗu, ka aiko mini da hoton takardar gaba ɗayanta, daga bakin rami har ƙasa, da ma'aunin nauyi a gefe, kada ka yanko layin kaɗai. Ka haɗa da hoton Ponceau, da ɗauka biyu, gajeriya da doguwa, don mu ga ko SDHA ya cika har ya daina nuna bambanci. Ka riƙa sa safar hannu biyu wajen jinin, da kuma wajen akirilamaid kafin ya daskare.

Ka gaishe mini da Baba da jiki, Allah ya ƙara masa sauƙi. Mutanen gida duk suna gaishe ku.

Wassalam,
abokinka a Garwa.