Wasiƙa ga abokan cinikinmu game da jinkirin ayyukanku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da muke hulɗa da ku, muna gaishe ku, da fatan kuna lafiya ku da iyalanku.

Da yawa daga cikinku sun ba mu aikin ƙofa, ko tebur, ko kabad, ko gado. An sa rana, ranar ta zo ta wuce, kaya bai fito ba. Wasu sun kira waya, wasu sun tako da ƙafarsu har wurin aiki, wasu kuma sun yi shiru, kuma shirun nan ya fi komai tayar mana da hankali. Maganganu sun fara dawo mana. Wai mun karɓi kuɗin kafin alƙalami mun juya su a wata harka. Wai kamfanin ya kama hanyar durƙushewa. Wai mun koma sayen katako mai arha muna rufe shi da fenti. Babu gaskiya ko ɗaya a ciki. Na ƙarshen ya fi yi mana ciwo, domin abin da ya jawo jinkirin nan shi ne ƙin karɓar katakon da bai kai ba.

Ga yadda abin yake. Ba mu muke busar da katakonmu ba. Akwai wanda muke saye a hannunsa shekara da shekaru, yana da ɗakin busarwa, irin wanda ake jera katako a ciki da tsinke tsakanin kowane layi, a hura zafi, fankoki suna juya iska dare da rana. Katako mai kauri yakan yi makonni a ciki, kuma duk tsawon lokacin nan ɗakin shan mai yake yi. Da tsadar mai ta matsa masa, sai ya rage kwanakin, ya ƙara wuta don a gama da wuri, bai faɗa wa kowa ba. Ba za mu kama sunansa ba, shi ma neman abin da zai riƙe ma'aikatansa yake yi. Amma abin da ya sauke mana ba shi muka saba saye ba.

A ido katakon ba shi da laifi. Mun dasa masa na'urar auna danshi a sama, ta nuna abin da ake so. Sai babban kafintanmu, wanda ya fara wannan aiki tun zamanin mahaifinmu, ya ɗaga allo ɗaya ya ce nauyinsa bai yi masa ba. Aka yanke shi a tsakiya aka sake aunawa, sai ga cikin ya haura kashi 20 cikin 100. Ya ƙara da gwajin da masu busar da katako suka sani: ya yanko siririn yanki a kwance, ya tsaga shi da zarto ya fitar masa da yatsu, ya ajiye a kan benci. Kafin a tashi aiki yatsun waje sun lanƙwaso ciki sun matse juna. Wannan alama ce ta katakon da aka gasa bayansa alhali cikinsa da ruwa, ya bushe a ɗaure. Irinsa da zarar ka tsaga shi sai ya kantare a bakin inji. Wasu allunan ma da muka buɗe mun tarar da tsaga a cikinsu, wadda ba a ganin ta daga waje ko kaɗan.

Ku yi mana haƙuri mu ɗan tsawaita a nan, domin wasunku sun ce mana, “To ai katako katako ne, ku yi mana da shi haka.” Da abin haka yake da tuni mun yi.

Itace a cikinsa kamar damin kara yake, dogayen ƙwayoyi masu rami a jere, suna bin tsawon bishiya. Bangon ƙwayoyin nan abu uku ne suka gina shi. Akwai selulos, wanda ya kai kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na busasshen itace, shi ne zaren da ke ba shi ƙarfi. Masanin sinadarai ɗan Faransa Anselme Payen ne ya fara ware shi a 1838. Akwai hemiselulos, sai lignin wanda ke ɗaure su wuri ɗaya ya ba itace tauri. Biyun farko suna son ruwa ƙwarai, suna jan sa daga iska, suna sakin sa idan iska ta bushe. Wannan hali ba ya barin katako ko ya shekara ɗari a ɗaki.

Ruwan da ke cikin ɗanyen itace iri biyu ne. Akwai wanda ke kwance a ramin ƙwayoyin, akwai wanda ya shige cikin bangonsu. Na ramin shi ke fara fita, kuma fitarsa ba ta canza girman katako. Sai ya ƙare, danshi ya sauko wajen kashi 30 cikin 100, sannan na bango ya fara fita, a nan ne katako yake fara tsukewa. Wani mai bincike Ba'amurke, Harry Tiemann, shi ya bayyana wannan iyaka a 1906, kuma cibiyar binciken kayan itace da gwamnatin Amurka ta buɗe a garin Madison a 1910 ta yi shekaru tana auna ta a kan itatuwa iri-iri. Abin da aka gano shi ne katako ba ya tsukewa daidai ta kowane ɓangare. Ta tsawo kusan babu, abin bai wuce kashi 0.1 zuwa 0.2 cikin 100 ba. Ta faɗi kuwa, idan aka bi zoben shekarun bishiya, yakan kai kashi 6 zuwa 10 daga ɗanye zuwa busasshe ƙarƙaf, idan kuma aka ratsa zoben daga tsakiya zuwa ɓawo kimanin rabin haka. Wannan bambanci shi ke sa allo ya yi kwari a tsakiya, ko ya murɗe, ko ya tsage daga baki.

Katako yana tafiya ne har ya daidaita da iskar inda aka ajiye shi. A ɗakin da laimar iskarsa take kashi 65 cikin 100, yakan tsaya wajen kashi 12. A busasshiyar iska mai kashi 30, yakan sauka har wajen 6. To ku ɗauki ƙofa mai faɗin santimita 90 da aka haɗa da alluna masu danshi kashi 20. Idan ta shiga gida ta sauka zuwa 10, a yawancin itatuwa za ta rasa wajen santimita 2 a faɗinta. Ina wannan santimita 2 za ta fito? Daga mahaɗa. Gam ya saki, haske ya riƙa shigowa ta tsakanin alluna, harshen makulli ya daina kai wa raminsa. Ba a ranar da muka kawo za ku ga haka ba. Sai bayan wata uku, ko shida, lokacin da kuɗinku ya daɗe da shiga aljihunmu. Sunanmu ne a kan ƙofar nan, ba na mai ɗakin busarwa ba.

Wani bawan Allah, cikin kyakkyawar niyya, ya ba mu shawara mu shafe shi da fenti mai kauri ya toshe ruwan. Fenti yana rage saurin shiga da fitar danshi, amma ba ya tsayar da shi. A kan jiƙaƙƙen katako ma ɓarewa yake yi. Wani kuma ya ce a zuba masa magani. Maganin da ake dannawa cikin katako da matsin iska sai ramin ƙwayoyin ya zama fanko yake shiga, idan da ruwa a ciki a baki yake tsayawa. Kuma ba kowane magani ne za mu yarda ya kusanci gadon yaro ko teburin cin abinci ba. Akwai wani da ya yi tashe a duniya, haɗin tagulla da kromiyam da arsenik, wanda Sonti Kamesam ya ƙirƙiro a Indiya a 1933. Yana kare katako sosai, amma saboda gubar arsenik Amurka ta daina amfani da shi a yawancin katakon gidaje daga ƙarshen 2003. Mu inda ake buƙata gishirin boron muke amfani da shi a kayan cikin ɗaki.

Ga kuma batun ruɓa, wanda shi ya fi ba mu tsoro. Mutane suna ɗauka tsufa ne ke kashe katako. Ba haka ba ne. A ƙasar Japan akwai ginin ibada na Horyu-ji, na katako ne, ya haura shekara 1300 yana tsaye, saboda rufinsa da tsarin gininsa ba sa barin ruwa ya zauna masa. Birnin Venis na Italiya kuma a kan turakun itace yake, waɗanda aka kafa cikin laka inda iska ba ta kai musu. Fumfunar da ke cin itace tana buƙatar ruwa da iska tare, idan ta rasa ɗaya ba ta aiki. Shi ya sa masana suka tsayar da ƙa'ida cewa katakon da ke ƙasa da kashi 20 na danshi ba ya ruɓa. Katakon da aka sauke mana yana saman wannan iyaka a cikinsa. A rufe shi da fenti a jingina shi da bango mai sanyi, an haɗa wa fumfuna duk abin da take nema. Gara ma ta fi son inda danshi yake.

Masu cewa mun canza irin katako, ku zo ku duba. Tik ɗinmu da iroko da madaci su ne dai waɗanda kuka sani. Ƙarkonsu daga sinadaran da bishiya ke tarawa a zuciyarta yake fitowa, irin man da ke cikin tik wanda gara ba ta so. A ma'aunin Turai na EN 350, wanda ya kasa itatuwa aji 5 bisa ƙarkonsu, na 1 shi ne mafi ƙarko, tik na daji yana aji na 1, iroko yana tsakanin na 1 da na 2, obeche kuma yana na 5, shi ya sa ba ma sa shi inda ruwa zai taɓa. Abin da masu saye da yawa ba su sani ba, wannan ma'auni na zuciyar itace ne kaɗai. Farin gefen nan da ke ƙarƙashin ɓawo, ko na tik ne, ba shi da ƙarko, kuma shi ƙwari ke hudawa su bar ƙura a ƙasan kabad. Mu yanke shi muke yi mu ajiye gefe, asarar tamu ce. Wanda ke yin haka ba shi zai je neman katako mai arha a ɓoye ba.

Mun san akwai masu cewa za su gama muku aiki cikin mako ɗaya. Ba za mu ɓata sana'ar kowa ba. Abin da kawai muke roƙo, duk inda za ku kai aikinku, ku ce a yanka allo a auna muku cikinsa a gabanku.

Game da abin da muke yi, ba mu zauna ba. Muna kan magana da mai kawo mana kaya, muna kuma duba wasu hanyoyi. Wani ɓangare na katakon mun jera shi a inuwa yana shan iska, sai dai busarwar iska ba ta da sauri, kuma ba a yi mata dole. Ba ma so mu sake sa muku rana sai mun tabbatar za mu cika ta. Da zarar al'amura sun daidaita za ku ji daga gare mu, ɗaya bayan ɗaya, bisa yadda aka ba mu aiki.

Ba za mu rufe ba sai mun yi godiya. Baba, kai da ka sayi ƙofofin gidanka na farko a hannun mahaifinmu, yanzu kuma jikokinka ne ke zuwa mana da aiki, ka aiko mana cewa mu kwantar da hankalinmu ba ka gaggawa. Allah ya ƙara girma. Hajiya mai makaranta, wadda duk bencin da ɗalibanki ke zama a kai daga hannunmu ya fito, mun san hutu ya kusa ƙarewa, mun san halin da muka sa ki, kuma ko sau ɗaya ba ki ɗaga mana murya ba. 'Yan'uwanmu magina da 'yan kwangila da kuke tsayar da aikinku kuna jiranmu, masu gida suna matsa muku kuna kare mu, mun gani, ba za mu manta ba. Akwai kuma waɗanda suka janye aikinsu. Ba mu riƙe ku a zuci ba, ƙofarmu a buɗe take duk ranar da kuka dawo, ko da yake ba za mu ɓoye cewa wasu sunayen da muka gani a ciki sun ba mu mamaki ba.

Duk wanda yake son kuɗinsa ya zo mu zauna, za mu fahimci juna. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da bayanin nan ba, gani ya kori ji. Wurin aikinmu yana buɗe a lokutan da kuka saba. Ku zaɓi allon da kuka ga dama a cikin tarin, mu yanka shi, ku riƙe na'urar da hannunku ku karanta.

Allah ya bar zumunci, ya sa albarka a nemanmu da naku.

Wassalam.

Naku,
Shugaban kamfani, a madadin kafintoci da dukkan ma'aikata