Abin da ɗan masassaƙi ya gani a gidan barasar Kentaki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bari in fara wanke kaina: ban taɓa kai barasa bakina ba, kuma ba tallarta na zo yi ba. Ni ɗan masassaƙi ne, cikin turame da akusa na tashi, sai neman abinci ya jefo ni jihar Kentaki ta Amurka ina jan babbar mota. Wani abokin aiki ne ya nace sai na raka shi Buffalo Trace, tsohuwar masana'antar barasa da ke garin Frankfort a bakin kogin Kentaki. Na je ina istigfari.

Barasar tasu, bourbon, doka ce ta gindaya mata sharaɗi: masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin, kuma a ajiye ta a sabuwar gangar itacen oak da aka babbake cikinta. Gangar nan ce ta tsayar da ni. Tana cin kusan lita 200, amma ba ƙusa a katakon, ba gam. An fere kowane falle mai faɗi a tsakiya, siriri a baki, aka turara su har suka lanƙwasa, zoben ƙarfe shida suka matse su. Na shafa cikin wata da aka tsaga don baƙi, gawayin ya faffashe kamar bayan kada, alhali wutar ko minti ɗaya ba ta yi ba. Da Baba yana raye, da a gindinta zai yini.

Sai a zuba barasar a gangunan, a jera su shekaru a rumbunan jan bulo. Zafi ya tura ruwan cikin itacen, sanyi ya jawo shi, daga nan yake samun launi. Wanda ya bi iska kuwa wai shi ne rabon mala'iku. Na ce a'uzubillahi, ku bar mala'iku su huta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suka riƙe tarihin wurin. Za su gaya maka Kanar E. H. Taylor ya saye shi a 1870, kuma ko da Amurka ta haramta barasa daga 1920 zuwa 1933 ba a rufe shi ba, an bar shi yana sayarwa da sunan magani. A 2013 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. Da kogin ya yi ambaliya ya shanye harabar a watan Afrilun 2025, suka kwashe laka suka koma aiki.

To Edita, abin da addininmu ya haramta ke nan ake yi wa wannan gata. Marinar Ƙofar Mata fa, da ake cewa tun 1498 take? Roƙona ku tura wakilinku ya zauna da tsofaffin marina, ba don hoto ba, ya rubuta yadda ake haɗa baba da toka da katsi, da kwana nawa rijiya take yi kafin ta nuna. Daga nan ya leƙa wurin masassaƙa. Gizagon Baba yana nan a ƙarƙashin gadon Inna. Mu shida ya haifa, babu wanda ya iya wasa bakinsa.

Naku,
Mai karatu daga Lexington, Kentaki