Kun kama mawaƙi, kun saki mai almakashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na daren Asabar ya ɓata mini rai, kuma ba zan ɓoye ba. Awa guda cur baƙinku biyu suna jifar mawaƙan siyasa, wai su ne suka raba kan matasan Sakkwato a Facebook da TikTok. Babu wanda ya tambayi ta wace hanya waƙar ke bi kafin ta zama zagi a wayar mutane. Kun gayyato masana, amma ba ku gayyato ko mutum ɗaya da ya taɓa zama a situdiyo ba.

Ga yadda abin yake. Ɗan siyasa ko yaronsa zai kawo takarda: sunan maigida, kirarinsa, ayyukan da ake so a ambata, sunayen waɗanda za a gaida. Mawaƙi ya fara da amshi, domin shi ne ƙashin bayan waƙa, sannan ya ɗora baitoci. Mai kiɗa ya haɗa ganga da fiyano a kwamfuta, a ɗauki muryar mawaƙi ita kaɗai, a ɗauki ta 'yan amshi daban, a daidaita sauti, a fitar. Irin wannan waƙa takan kai minti goma ko fiye. A cikinta habaici bai cika wuce baiti ɗaya ko biyu ba, kuma galibi babu suna. "Wani mai jan hula", "na bayan kasuwa", shi ke nan. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Makaɗan taushi da na kotso sun yi zambo a fadojin sarakuna tun kafin a haifi kakannin baƙin naku, suna siffanta ɗan sarkin da ke hamayya da ubangidansu ba tare da kama suna ba. Wanda ya tsargu, shi ya sani.

Ɓarnar tana farawa ne bayan waƙar ta bar situdiyo. Wani yaro da aka saya wa data zai saurare ta, ya tsallake yabon duka, ya yanko daƙiƙa talatin ɗin nan na habaici. Ya shiga CapCut, manhajar haɗa bidiyo, ya ɗora hoton mutumin da yake so a ce da shi ake, ya rubuta cikakken sunansa da manyan baƙaƙe, wani lokaci har da hoton gidansa ko na iyalinsa. Abin da mawaƙi ya bari a dunƙule, shi ya warware shi. Sai ya sa a TikTok, ya sa a sitatus, ya watsa a guruf. Guruf ɗaya na WhatsApp yana ɗaukar mutum sama da dubu. Kafin la'asar ɗaya ɓangaren sun yanko nasu, daga wata waƙar da ƙila shekararta uku, sun mayar da martani. Daga nan waƙa ta fita daga zancen, sai ashar da tonon asiri a ƙarƙashin bidiyo. To wa ya hura wutar? Ban ce mawaƙa tsarkaka ba ne, akwai masu kama suna ƙarara, kuma sun san kansu. Amma mafi yawan abin da kuka kunna a matsayin hujja, yankakke ne. Ko kunne ya isa ya gane: kiɗan yana farawa a tsakiyar bugu, amshi bai dawo ba aka katse.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne shawarar da baƙonku na biyu ya bai wa yaron da ya bugo waya yana cewa ya yi da-na-sanin abin da ya rubuta a kan ƙanen mahaifinsa lokacin zaɓe. Wai ya goge kawai, magana ta ƙare. Haba Malam! Sitatus yana ɓacewa bayan awa 24, amma wanda ya ɗauki hoton allo yana nan da shi. Gogewa ga kowa a WhatsApp tana aiki ne cikin kamar kwana biyu, kuma ba ta taɓa abin da aka riga aka tura gaba. Bidiyon da aka sauke ya shiga memori, ya bi ta Xender, ya isa shagon masu tura waƙoƙi. Gogewa a asirce ma tana ƙara dagula lamari, don abokan faɗa za su fito da hoton su ce ga shi ya tsorata. Abin da ya kamata a gaya masa: ya rubuta janyewa da sunansa a daidai wurin da ya yi zagin, ya bar ta a nan, ya fita daga guruf ɗin da ake zuga shi, sannan ya nemi wani babba a dangi ya raka shi gidan baffan nasa da ƙafa. Kuma a gaya masa akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Idan aka kai ƙara, mai lambar wayar za a fara nema, ba wanda ya saya masa data ba.

Ku da kuke gidan rediyo kun fi kowa sanin siyasar jihar nan. Wamakko ya bar PDP ya koma APC yana kan kujerar gwamna. Tambuwal ya ci zaɓen 2015 a APC, ya koma PDP a 2018. Ahmed Aliyu ya yi masa mataimaki, suka kara a 2019, Tambuwal ya sha da tazarar ƙuri'a 342 kawai, sannan Ahmed Aliyu ya hau kujerar a 2023. Duk lokacin da manya suka sauya sheƙa, mawaƙi yana komawa situdiyo ya sake amshi, sana'arsa ke nan, kowa ya san haka. Yaron da ya zagi baffansa saboda maigidan da gobe zai iya zama jam'iyya ɗaya da abokin hamayyarsa na jiya, shi ne ba ya da situdiyon da zai koma. Shi ya kamata shirin ya tsaya a kansa, amma minti biyu kuka ba shi kuka katse layi.

Tun da na ɗauki alƙalami, don Allah ku duba tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa a tsakiyar shiri. Sautinsa ya fi na masu magana ƙarfi nesa ba kusa ba, sai mutum ya yi ta rage rediyo yana ƙarawa, ga kalaman da ba a iya saurare gaban yara. Daidaita sautin talla da na shiri aikin minti biyar ne ga injiniyanku.

Idan za ku sake shirin, ku nemi cikakkiyar waƙar ku kunna baitin da ke gaba da wanda ke bayan abin da aka yanko, masu sauraro su ji da kunnensu.

Wassalam.

Mai sauraronku,
wani mai haɗa sauti, Mabera, Sakkwato