Tattaunawar gobe kan mayalin

Salamu alaikum ƴan uwa. Gobe bayan la'asar za mu zauna kan mayalin, rigar da ke naɗe da zaren jijiya kamar robar wayar lantarki. In an cire ruwa, kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na mayalin kitse ne, irin su kolestarol, sauran kuma furotin. A ƙwaƙwalwa da laka, ƙwayoyin oligodendrosait ke naɗa shi, furotin PLP da MBP ke manne naɗin. A sauran jiki kuwa aikin ƙwayoyin Schwann ne, da furotin P0. Nan aka fi yin tuntuɓe, ni ma na sha cakuɗa su. Kowa ya zo da zanen giɓin Ranvier, wato ƴan wuraren da mayalin bai rufe ba a jikin zaren jijiya, inda saƙon jijiya ke tsalle daga giɓi zuwa giɓi har gudunsa ya kai mita 120 a daƙiƙa. Don Allah kada a makara.