Dafin dodon koɗi ba a kemis ake samunsa ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na lafiya na makon jiya, inda aka ce masana sun samo maganin ciwo mai naci daga dafin halittun teku. Ba a ma rufe shirin ba ƙanwata ta bugo waya, wai a wane kemis ake samunsa. Mahaifiyarmu ta shekara uku ba ta barcin kirki, tafin ƙafarta kamar ta taka garwashi. Tambayar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Maganin dai akwai shi. Sunansa ziconotide, ana sayar da shi da sunan Prialt, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2004. Asalinsa dafin wani dodon koɗi ne na teku, mai harbin ƙananan kifaye ya sandarar da su kafin ya haɗiye. A ɗakin binciken Baldomero Olivera, ɗan ƙasar Filifin, a Jami'ar Utah aka gano shi. Aikinsa shi ne toshe ƙofar da sinadarin kalsiyam ke bi a jijiya, sai saƙon zafi ya kasa wucewa zuwa ƙwaƙwalwa. Ba ya kuma zama jaraba irin ta tramol.

Sai dai kun tsallake babban zance. Ba ƙwaya ba ce, ba allurar ɗuwawu ba ce. Cikin ruwan lakar ƙashin baya ake ɗiga shi kaɗan-kaɗan da ɗan famfo, likita na sa ido, don yana iya kawo jiri, ruɗewa, har da gane-gane.

Dafin kifin talibamban kuwa, tetrodotoxin, gwajinsa ake yi don rage raɗaɗi ga masu ciwon daji. Gubar ba ta da makari. A Japan ma sai mai lasisi ke feɗe kifin.

Tsorona masu maganin lasifika. Gobe sai ka ji ɗayansu a bakin Tsohuwar Kasuwa yana kirarin "dafin kifin teku" cikin kwalba, mai ciwo kuwa ko me aka miƙa masa sha zai yi. Mun ga ɓarnar kodin kafin gwamnati ta hana shi a 2018.

Don Allah ku gayyato likita daga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya faɗa mana abin da ake da shi a nan Sakkwato don raɗaɗin jijiya, da nawa ne kuɗinsa. Inna na jiran shirin, rediyonta na gefen filo.

Mai sauraronku,
daga Mabera, Sakkwato