Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Mai Girma Ministan Baladiyyoyi da Gidaje, Majid Al-Huƙail

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina rubuto maka daga Jidda, a madadina da maƙwabtana da muka sayi shuggogi, wato sassan zama a cikin bene, tun suna kan zane, aka gama ginin, har yau ba mu riƙe makulli ba. Wasiƙar Larabci za ta iso ofishinka ta hanyar da aka saba. Wannan ta Hausa ta iyayenmu ce da ƙannenmu, waɗanda kullum tambayarsu ita ce yaushe za a tare.

Ba mu zo musun alheri ba. A 2016 iyalan Saudiyya da suka mallaki gida kashi 47 ne cikin 100, yau an haura 60, ana neman 70 a 2030. Shirin gwamnati na mallakar gida, Sakani, da aka fara a 2017 ya buɗe wa ɗan albashi ƙofar da mahaifinsa bai taɓa ƙwanƙwasawa ba, gwamnati kuma ta ɗauke wa mai sayen gidan farko harajin kashi 5 har iyakar riyal miliyan 1 na farashin. Mu da aka tasa daga Gulail da Karantina da Sabil lokacin rusau ɗin da ya fara a ƙarshen 2021, mun fi kowa sanin darajar gidan da ke da sakki, wato takardar mallaka, da sunanka a kai. Shi ya sa da yawanmu suka ɗauki diyyar, suka ƙara da bashin banki, suka sa hannu.

Matsalar tana cikin watannin da ke tsakanin "an gama" da "ga makulli". Gini a tsaye, an yi fenti, an dasa dabino a bakin ƙofa don masu ɗaukar hoto. Amma kamfani ya ce yana jiran shaidar kammala gini daga baladiyya, wato hukumar birni. In ta fito, sai a ce mitar wuta. In an sa mita, sai a ce ba a raba sakkin filin zuwa na kowace shugga ba, kuma in babu wannan ba a yin ifragi, wato mayar da gidan sunan mai saye. Kowane mataki da ofishinsa, kowane ofishi yana nuna na gaba. Kamfanin da muka saya a wajensa, ba zan kama sunansa ba, amsarsa guda ce a waya: "ƙariban in sha Allah." Mun yarda da in sha Allah. Ƙariban ɗin ce, wato "nan kusa", ba ta da ranar wata.

A duk wannan jira mutum ɗaya ne ke biya. Da yawanmu banki ya fara cire kasonsa daga albashi tun ana zuba ginshiƙai, kuma bai taɓa makara ba ko da kwana ɗaya. A gefe guda ga haya. Mai gida a Jidda ba ya sabunta maka kwangilar haya a tsarin gwamnati na Ejar ta wata biyu don kawai kana sa ran tashi. Shekara yake so, kuɗin kuma wata shida a gaba. Ka sabunta, makulli ya fito bayan wata ɗaya, ka yi asarar hayar. Ka ƙi sabuntawa, makulli bai fito ba, ka kwashi iyali zuwa shugga mafrusha, wato ta haya mai kayan ɗaki, ko falon surukai. Gaba kura, baya sayaki. Akwai wanda ya mayar da yaransa makarantar sabuwar unguwa ta tsarin Nur na rajistar ɗalibai, yanzu kowace safiya yana ratsa gari da su. Akwai wadda aka ɗaura wa aure, kayan ɗakinta na cikin sito ana biya musu haya su ma, tarewa ta gagara, gori ya fara tsakanin dangi biyu. Babu kwangilar da ta lissafa wannan.

Na san akwai doka. Majalisar Ministoci ta amince da dokar sayar da gidaje tun suna kan zane a 2023, Hukumar Kula da Gidaje da Filaye, wadda kai ne shugaban majalisarta, ita ke ba da lasisi, kuɗin masu saye kuma yana shiga asusun amana ba aljihun kamfani ba. Wannan ya rage 'yan ci-da-ceto ƙwarai. Amma diyyar jinkiri da ke rubuce a kwangila, sai mai saye ya bi ta da ƙafarsa: ya rubuta ƙorafi, ya nemi lauya, ya yi jayayya kan wane jinkiri ne laifin kamfani, wanne ne ba nasa ba. Direban bas ko malamin firamare ba shi da wannan lokacin, kamfani kuma ya san haka.

Don haka roƙonmu, ranka ya daɗe: ranar da wa'adin miƙa gida ya wuce, diyyar ta fara shiga asusun mai saye da kanta, daga kuɗin da ya rage wa kamfani, ba sai an kai ƙara ba. In kamfani na ganin laifin wani ofishi ne, shi ya je ya kawo hujja, shi ke da lauyoyi. Kuma a shafin da ake tallar kowane aiki, a rubuta tarihin mai ginin: ayyuka nawa ya miƙa a kan lokaci, nawa ya makara, da wata nawa. Banki yana duba tarihin bashinmu a SIMAH, kamfanin da ke adana bayanan bashi, kafin ya ba mu ko riyal ɗaya. Mu ma a bar mu mu duba nasu kafin mu ɗaura wa kanmu bashin shekara 25.

Na ƙarshe ƙarami ne. A tilasta wa kamfani ya sanar da mai saye a rubuce, wata uku kafin miƙawa, ainihin ranar da zai karɓi makulli, don ya san abin da zai faɗa wa mai gidan haya.

Allah ya taimaki Minista.

Naka,
Wani mai jiran makulli, Jidda