A Riƙa Faɗa Wa Ɗalibai Inda Fayilolin Linux Suke

Ya Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai albarka domin in ja hankalin malamai masu koyar da rubuta manhaja a kan Linux. Kwanakin baya na raba dare gaban kwamfuta saboda a cikin manhajata na kira fayil ɗin linux/if.h na kanel (zuciyar Linux) kafin fayil ɗin net/if.h na glibc (tarin kayan aikin yaren C da manhajoji ke dogara da shi), alhali kowannensu yana fayyace abu ɗaya, wato struct ifreq (tsarin bayanan mahaɗar sadarwa), sai aikin ya ƙi haɗuwa. Tun 2012, a Linux 3.7, aka ware fayilolin kanel da masu manhaja ke buƙata cikin jakar include/uapi, waɗanda akan girka a /usr/include/linux, amma babu wanda ya faɗa mana haka a aji. Don Allah, duk mai rubuta bayanin netlink ko ioctl (hanyoyin da manhaja ke magana da kanel) ya ambaci fayil ɗin da za a kira, da inda yake.

Naka,
Wani mai rubuta manhaja